Sanduna Goma Sha Ɗaya

Malam, mijina, lissafi ya koyar a firamare har gashinsa ya yi fari. Da ya ajiye aiki sai zaman gida ya zame masa ciwo. Ba shi da majalisa, ba ya son rediyo, ba ya iya barcin rana. Rannan ya shafe bango guda na ɗakinsa da baƙin fenti, ya mai da shi allo, ya sayo kwalin alli. Na ce to, gara haka da ya riƙa biyo ni kicin yana gaya mini na cika gishiri.

Ni aji uku na yi aka cire ni. Duk abin da zan faɗa a kan lambobi daga bakinsa na ɗauka, ina zaune a ƙofar ɗakin ina tsintar shinkafa.

Ya ce lambobi iri-iri ne kamar mutane. Akwai cika, akwai mara. Akwai masu sauƙin kai, ka raba su biyu ko uku ko huɗu su rabu ba gardama. Akwai kuma waɗanda ba sa rabuwa da kowa, sai da ɗaya, sai da kansu. Su yake kira gwauraye.

"Bakwai gwauro ne," in ji shi. "Ɗauki ƙwai bakwai ki raba wa mutum biyu, ko uku, ko biyar. Duk yadda kika yi sai an sami saura."

"Sai a ba ni sauran," na ce. "Ni na dafa."

Ya yi dariya har da tari. A lokacin yana dariya.

Da wasa abin ya fara. Ya rubuta ɗaya sau biyu a jere, ya ce goma sha ɗaya, gwauro ne. Ya ƙara ɗaya, suka zama uku, ya ce wannan uku ta fasa shi. Ya ƙara, ya fasa. Ya ƙara, ya fasa. Da suka kai bakwai a jere sun ɗan wahalar da shi, amma ya fasa su, ya fito tsakar gida yana karkaɗe hannu kamar wanda ya kashe maciji. Takwas, tara, goma, duk kafin shayinsa ya huce ya gama da su.

Sai ya ƙara na goma sha ɗaya.

Ni dai a idona sanduna ne, goma sha ɗaya, tsaye a jere a saman allon. Ya ce sunanta biliyan goma sha ɗaya da miliyan ɗari da goma sha ɗaya da dubu ɗari da goma sha ɗaya da ɗari da goma sha ɗaya. Ya ce mara ce. Ya ce ta dama ka karanto ta ko ta hagu, fuska ɗaya take nuna maka, ba ta da gaba ba ta da baya. Ya gwada uku, saura biyu. Ya gwada bakwai, saura biyu. Ya gwada goma sha ɗaya, wai ko za ta ji kunyar 'yar'uwarta, saura ɗaya.

Autarmu tela ce, tana da shago a bakin hanya, tana aure a wata unguwa. A cikin 'ya'yanmu ita ce ta ɗauko kan ubanta. Takan kalli mace sau ɗaya ta faɗi yadin da zai ishe ta. Da ta zo ta ga abin da yake yi, washegari ta kawo masa kalkuletar shagonta.

"Baba, huta. Ga wadda za ta yi maka aikin."

Ya danna ɗaya sau takwas. Na tara ya ƙi shiga. Ya danna da ƙarfi, ya ƙi. Ya miƙa mata abarta yana murmushi.

"Ko ƙofar ba ta shige ba, Auta. Mayar da ita ta ci gaba da auna miki zani."

Ga yadda yake aikin. Zai ɗauki gwauro guda ya raba sandunan da shi a kan allo, layi bayan layi har ƙasa. In an sami saura, sai ya je ɗaya daga cikin sauran bangon uku, ya rubuta gwauron da sauransa da fensir, ƙanana, a jere. Ya goge allo, ya ɗauki na gaba. Bai yarda da takarda ba, domin gara ta taɓa cinye masa akwatin littattafai. Na tambaye shi ko abin yana da iyaka. Ya ce yana da ita. In ya gwada dukan gwaurayen da ke ƙasa da dubu ɗari da biyar da 'yan kai, ba wanda ya fasa ta, to ita ma gwauro ce, an gama. In kuwa wani ya fasa ta a hanya, nan ma an gama.

"To in an gama fa, Malam, me za a ba ka?"

"Sani."

"Ana miya da shi?"

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya juya ya kalli allon.

Ba zan iya cewa ga ranar da ya canza ba. Abinci ya fara yin sanyi a ƙofa. Ya daina fita aski. Tsofaffin ɗalibansa in sun zo gaishe shi, daga ciki yake amsawa, bayansa a juye. Farin alli ya zauna masa a gira da ƙasan farce, ko na wanke rigunansa ruwan sai ya yi kamar an dama gari. Ya kuma daina cewa lambar. Sai ya ce su. Suna nan tsaye. Yau ma ba su motsa ba. Ni kaina in na shiga shara na ɗaga kai, sai in ga kamar mutane ne dogaye sirara sun jeru suna jiran a kira su, sai in yi sauri in fita.

Wata shekara danshi ya kama bangon da ke jikin banɗaki. Filasta ta kumbura, wani yanki kamar faɗin faranti ya faɗo ya ruguje da rubutun da ke jikinsa. Na tarar da shi a tsugune yana juya ɓaraguzan da yatsa.

"Ai ka riga ka gwada su," na ce. "Ka san ba su fasa ba. Wuce kawai."

"Na san na gwada? Ina shaida?"

"Kai ne shaida."

"In na tsallake guda ɗaya fa a cikinsu? In shi ne fa?" Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. "Abin da ido bai gani ba, ba a gwada shi ba."

Ya koma baya ya sake yin su duka, tun daga farkon wurin da ya faɗi. Damina guda ta tafi a wannan. A nan ne tsoro ya fara kama ni sosai.

Da rana tsaka ya rasu. Na kai masa ruwa na tarar da shi a kujera, kansa ya faɗo a ƙirji, allin ya karye biyu a ƙasa. A kan allo lissafi ya zo rabi ya tsaya. Auta ta ce ya wuce dubu goma sha tara. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar bai cika ba. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba.

'Yan'uwan Auta maza suka zo suka koma garuruwan da suke aiki. Auta ta zauna ta ɗebe mini kewa. Tana da ƙaramin ciki a lokacin, na fari, bayan an daɗe ana nema. Na kulle ɗakin Malam, na sa makullin a gwangwanin allura.

Wata safiya na dawo daga kasuwa na ga ƙofar a buɗe. Tana tsaye gaban allon da guntun allin nan a hannu.

"Auta, fito."

"Inna, wannan ɗaya kawai. Ba kyau a bar masa aiki a rabi."

"Fito na ce."

"Saura layi biyu."

Ta ƙarasa. Aka sami saura. Ta nemo fensirinsa, ta je ƙarshen jeren, ta rubuta a ƙarƙashin rubutun ubanta. Hannunta ya fi nasa kyau. Ta tsaya tana kallon wurin da babu komai a ƙasan nata, ta daɗe. Ni kuma ina riƙe da kwandon kasuwa, na kasa ajiyewa.

Mijinta mai fenti ne. Dogo, mai fara'a, kullum da ɗigon launi a kunne ko a gwiwar hannu. Da farko abin dariya ya ɗauke shi. Yakan zo da yamma ya gaishe ni a durƙushe, sannan ya leƙa ɗakin.

"Ranki ya daɗe, Farfesa, an tashi daga makaranta? Ɗalibinki na jin yunwa."

"Je ka wanke kunnenka tukuna, kana ɗiga shuɗi a ɗakin Baba."

"Inna, kin ji ta ko? Ni da na biya sadaki, sanduna suka ƙwace mini mata."

Tana murmushi, amma ba ta juyo ba. Na lura da wannan, shi bai lura ba.

Sati ya zama wata. Ta ce masa sai ta ƙara kwana biyu saboda ni. Shagonta ya zauna a rufe. Mata suka fara zuwa har gida neman ɗinkinsu, wata ta tsaya a tsakar gida tana ɗaga murya a kan kayan da za ta sa jibi. Auta ta fito da buhun yadudduka, ta zube a gabanta, ta ce kowa ta zaɓi nata, ta koma ciki. Kan keken ɗinkin da ta zo da shi ƙura ta rufe shi. Cikin yana girma, ita tana ramewa. Nakan zauna a ƙofa da kwano in riƙa ba ta a baki tana rubutu, kamar yarinyar goye.

"Kin san abin da ya kashe ubanki," na ce mata.

"Zuciya ce, Inna. Likita ya faɗa."

"Ki tausaya wa abin da ke cikinki."

"Na wuce dubu ashirin da ɗaya. Jikina yana ba ni sun kusa motsawa."

Da na ji ta ce sun, sai da na dafa bango.

Mai fenti ya daina wasa. Wata la'asar ya same ni a kicin, ya tsuguna nesa da ni, ya sunkuyar da kai.

"Inna, ina neman izini. Bokiti biyu na farin fenti sun ishi ɗakin nan. Kafin azahar na gama. In ba ta gan su ba za ta manta."

"Kada ka yi."

"Inna, ni aikina ke nan. Na shiga gidan da gobara ta ci, na fito kamar ba a taɓa kunna ashana a ciki ba. Mutanen suka koma suka zauna lafiya."

Na ba shi labarin filastar da ta faɗo. Na gaya masa abin da Malam ya ce, kalma da kalma. Ya saurara da ladabi, yana cewa haka ne, haka ne. Amma na ga hannunsa yana auna tsawon bangon a iska.

"To mu zuba ido ta bi shi?" ya ce a hankali.

Na ce dai kada ya yi. Na ce bari ta haihu, watakila kukan jariri ya ja ta waje.

Ranar awo da ƙyar na fitar da ita. Sai da na yi mata kuka, sannan ta ajiye allin ta sa mayafi. A asibiti layi ya yi tsawo. Tana zaune a benci tana motsa yatsa a kan cinyarta, leɓenta na motsi. Ma'aikaciyar ta yi mana faɗa, ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ce wace irin uwa ce ni.

Tun daga bakin layinmu na ji warin fenti. Ita ma ta ji. Ba ta yi gudu ba. Ta dai saki hannuna.

Mai fenti ya fitar da kujera da tabarma tsakar gida, ya buɗe taga. Yana tsaye a ƙofa da burushi, gumi na zuba, fuskarsa irin ta yaron da ya fasa tulu yana jiran hukunci. Bango huɗu fari fat. Allon ma ya tafi. Ya yi shafi biyu, don mutum ne mai gyara aikinsa. Shekarun Malam duka, da watannin Auta, ba ko ɗigo.

"Don ke na yi," ya ce. "Don ke da yaron. Zage ni in kina so. Mare ni."

Ta shiga ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta juya a hankali, ta dubi kowane bango. Na jira ihu. Da ta yi ihu da na ji sanyi.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ba ka bar tabo ba."

"To mu tafi gida?"

"Yaushe zai bushe?"

Ya dube ni. Ni na dubi ƙasa.

"Yaushe zai bushe, na ce?"

"Gobe," ya ce.

Washegari ta ɗebo gawayi a kicin, domin alli ba ya fita a farin bango. Ta ja sanduna goma sha ɗaya a sama. Ta rubuta uku.

Mai fenti ya riƙe ƙofa da hannu biyu. "Ke da bakinki kika ce kin wuce dubu ashirin da ɗaya! Ki ɗora daga can mana!"

"Ina shaida?" ta ce.

Ta kuma canza yadda ake aikin. Ubanta yakan goge allo ya ajiye sakamako kawai. Ita ta ce ba za a ƙara goge komai ba. Kowane gwauro sai ta ja masa sandunansa sababbi, ta yi lissafin duka a jikin bango, daga sama har ƙasa, ta bar shi a nan. Abin da ya ɗauki faɗin yatsa a wurin Malam, a wurinta ya ci faɗin tabarma. Kafin ta haihu ɗakin ya yi baƙi ƙirin, har bayan ƙofa.

Mace ta haifa, 'yar ƙarama, mai yawan gashi. Kukan bai ja ta waje ba. Takan ɗora ta a nono da hannun hagu, dama na rubutu, jaririyar ta tashi da baƙi a kumatu. Wata rana na shigo na tarar da ita a ƙasa tana ta tsala kuka har ta shiɗe, uwar na tsaye kusa da ita, taku ɗaya, ba ta ji ba. Da yamma uwar mijin ta zo da zani ta goya jaririyar. Ban hana ba. Auta ta bi su da ido har ƙofa, ta ce a rufe mata kai saboda iska, ta koma.

Mun kai Auta asibiti. Suka ba da ƙwayoyi masu sa barci. Ta sha ta yi ta barci, ta tashi ta ce an sace mata lokaci, daga nan ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna sai ta ga inda na ɗebo. Yayyenta suka zo suka kulle ta. Ta yi rubutu da farce a jikin ƙofa har jini. Ni na buɗe.

Ɗaki ya cika, ta fito tsakar gida. Tsakar gida ya cika, ta fita bangon waje. Maƙwabta suka yi haƙuri, sannan haƙurin ya ƙare, wani ya wanke nasa da ruwa da tsintsiya. Ta sake yin abin da ya wanke a bangon gaba. Ta fara cewa kada a tara su wuri ɗaya, masu shafewa sun yi yawa. Kullum sai ta ƙara nisa. Nakan bi ta da kwanon abinci, in zauna a gefen hanya, in dawo da ita kafin rana ta faɗi.

Rannan zazzaɓi ya kwantar da ni. Ta fita ita kaɗai. Ba ta dawo ba.

Mun nema. An je wurin 'yan sanda, an je asibitoci, an tambayi direbobi a tasha. Abin da ya rage mana rubutun ne. Ban iya karanta lissafinta ba, amma na san sandunan, na san yadda take lanƙwasa bakwai. Na gan su a bayan makaranta, a katangar gidan mai, a ƙarƙashin gada. Nakan shafa da yatsa. In gawayin ya biyo yatsana, ta wuce kwanan nan, tana da rai. In bai biyo ba, sai in ƙara gaba. Masu shago sukan ce e, sun ga wata mata siririya, ba ta roƙo, ba ta magana, in an ba ta burodi takan ce an gode.

Mai fenti ya fi ni ganinsu, don aikinsa yawon bango ne. Ya rame shi ma. Duk wanda ya kira shi ya shafe rubutun mahaukaciya, sai ya ɗauki bokitinsa ya bar wurin bai shafe ba, har aka fara cewa shi ma ya taɓu. Yakan zo ya durƙusa ya ce, Inna, na ga sabo a wuri kaza, sai mu hau mota mu je.

Na ƙarshe, can ƙarshen gari ne, a jikin wani dogon sito da aka ba shi aikin fentinsa. Ya zo mini a guje, ko gaisuwa bai yi ba. Muka je. Rubutun ya kama daga kusurwa ya yi rabin bangon, lissafin ƙarshe bai kai ƙasa ba. Na shafa. Yatsana ya yi baƙi. A gindin bangon ga guntun gawayi an jera su a kan dutse, a tsare, yadda take jera zare a shago.

"Za ta dawo ta ƙarasa," ya ce. "Ba ta barin aiki a rabi."

Mai siton ya fito, mutum mai tumbi da makullai a hannu. "Malam, hira na kira ka ko aiki? Gobe ake kawo kaya."

"Ranka ya daɗe, ka ba ni kwana biyu. Matata ce."

"Allah ya ba ta lafiya. Ni bango nake so."

"Zan yi maka ciki duka kyauta. Wannan gefen kawai ka bar mini."

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya kaɗa makullansa ya shige mota.

Muka zauna a inuwar wata tsohuwar tirela daga nesa, don kada ta gan mu ta juya. Ya sayo mini ruwa. Duk macen da ta ɓullo daga kwana sai ya miƙe rabi, sannan ya koma. Rana ta yi ƙasa, mai gadi ya zo ya ce ba a kwana a nan. Mai fenti ya roƙe shi, ya ce in ta zo kada a kore ta, in kuma an kawo wani mai fenti a ce ya jira shi. Mai gadin ya ce to.

Motar farko muka hau da safe. Tun kafin mu sauka na hango bangon. Fari ne daga kusurwa zuwa kusurwa, wasu samari biyu na wanke burushi a kwata. An share gindin, an zubar da gawayin. Na je na ɗora tafin hannuna a wurin, fentin bai bushe ba.

Na tambayi mai gadin. Ya ce e, wata mata ta zo suna cikin aiki. Ta tsaya daga tsallaken titi ta kalla har suka gama. Ya ce ya kira ta ba ta amsa ba, ta juya ta bi hanyar da ke fita gari.

Mun bi hanyar har inda gine-gine suka ƙare. Daga nan babu bango.